Yaya ma'aikaci mai iyali zai samu lokacin wasan harbi a Yamai?

Baban Nafisa, Yamai:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan hali. Na koyi harbin bindigar iska ta mita 10 lokacin da nake karatu a Maroko, da na dawo gida kuma sai na koma ga baka da kibiya, domin sun fi sauƙin ajiya, ba sa kuma tayar wa maƙwabta hankali. Kafin in yi aure, ni da wasu abokai mukan haɗu a ƙarshen mako a wani lambu mai katanga da ke hanyar Kollo, mu kafa allon harbi, mu yi ta gwada hannu har rana ta ɗaga.

Yanzu al'amura sun sauya. Da safe ni ke kai yara makaranta kafin in wuce biro, ba na tashi sai wajen ƙarfe biyar da rabi, kuma kafin in ratsa cunkoson motoci in iso gida magariba ta gabato. Asabar da Lahadi kuwa kun san yadda suke a garin nan: in babu suna akwai ɗaurin aure, in babu ɗaurin aure akwai gaisuwar rasuwa, ga cefanen mako, ga ziyarar mahaifiyata a Talaje wadda ba na son in tsallake. Bakana yana nan rataye, in na samu na je lambun sai in tarar kafaɗata ta yi sanyi, kibau suna warwatsuwa kamar ban taɓa koyo ba. Ba na son in bar wannan wasa, domin shi kaɗai ne abin da ke kwantar mini da hankali bayan hayaniyar aiki, amma kuma ba na son in tauye haƙƙin iyalina. Waɗanda suka iya haɗa ukun nan, yaya kuka yi?

Ɗan Adar, Tawa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ke wahalar da kai, a ganina, shi ne kana ɗaukar horo a matsayin tafiya lambu da kwashe rabin yini a can, alhali mafi yawan abin da ke sa kibiya ta tafi daidai ba ya buƙatar a saki kibiyar ko ɗaya. Tsayuwar ƙafafu, miƙewar hannun da ke riƙe da baka, jan tsirkiya da naman baya maimakon na dantse, kai hannu wuri ɗaya a ƙarƙashin haɓa a kowane ja, da sakin yatsu ba tare da fizga ba, duk waɗannan ana koyonsu a tsakar gida. Ka samu robar cikin tayar keke, ka ƙulla ta daidai tsawon janka, ka tsaya gaban madubi bayan sallar asuba na kwata ɗaya na awa. Tsakanin sallama da shirin makarantar yara akwai ɗan sarari da ba na kowa ba ne. Idan ka fi son ka yi da bakan kansa, ka ja ka riƙe na ɗan lokaci sannan ka mayar a hankali, amma kada ka kuskura ka saki tsirkiya babu kibiya a kai, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta ɗauka yakan koma cikin bakan ya tsaga shi.

Dalilin da ya sa na nace a kan ƙwanji shi ne, a gasar Olamfik maharbi yana sakin kibau 72 a zagayen tantancewa, daga tazarar mita 70, zuwa allo mai faɗin santimita 122 wanda tsakiyarsa mai maki goma ba ta wuce santimita 12.2 ba. Wanda kafaɗarsa ta gaji a kibiya ta talatin, sauran duk asara ce, komai kyawun idonsa. Warwatsuwar da kake gani a lambu ba mantuwa ba ce, gajiya ce, kuma maganinta ɗan ja kullum, ba dogon harbi sau ɗaya a wata ba. Ka kuma sani cewa akwai gasar da ake yi a tazarar mita 18 kawai, da allo mai santimita 40, don haka ba dole ba ne sai ka samu babban fili kafin ka ce ka yi harbi na gaskiya. Kibau talatin a wannan tazara ba sa cin awa ɗaya.

Ina tuna maka da Israel Madaye, ɗan Chadi maƙwabciyarmu, wanda asalin sana'arsa gyaran lantarki ce, ya kuma kai har gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024, inda ya kara da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu. An doke shi, har wata kibiyarsa ta ci maki ɗaya tak, amma isarsa wurin daga ƙasar da kayan wasan suke da wuyar samu ya ishe mu hujja cewa rashin kyakkyawan fili ba ya hana hannu faɗawa. Sai dai ka kula da yanayinmu: a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada ka bar baka a cikin mota a rufe da niyyar wucewa lambu daga biro, domin zafi yana sakin gam ɗin da ke haɗe da sassansa. Ka kuma riƙa cire tsirkiya bayan kowane harbi.

Maman Hadiza, Yamai:

Malam Baban Nafisa, sannu da ƙoƙari. Ni ban taɓa jan baka ba, amma maigidana yana wannan wasa tun kafin a kawo ni, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga ɓangaren wadda ake bari a gida. Shawarar Baba Ɗan Adar tana da kyau, sai dai ta amsa rabin tambayarka ne, domin ka ce hutun rai kake nema, kuma jan roba gaban madubi ba zai maye maka gurbin fita da abokai ba. Fitar tana nan dole, abin dubawa shi ne daga ina za a yanko lokacinta.

Mu mata ba awa biyu ko uku na harbi ke ɓata mana rai ba. Abin da ke ɓata rai shi ne a wayi gari ranar Lahadi, an riga an yi wa yara alkawarin fita ko ana tsammanin baƙi, sai kawai a ga mutum ya saɓa jaka ya ce zai je ya dawo, ba a san da maganar ba, ba a kuma san lokacin dawowa ba. Ka zauna da uwargida ku tsayar da rana ɗaya da sa'a ɗaya wadda kowa a gidan ya sani, har yara su san cewa wannan lokacin na Baba ne, sannan ka dawo a lokacin da ka ce. Idan ka cika wannan alkawari na ƴan makonni, ita da kanta za ta riƙa kare maka lokacin idan wata hidima ta taso.

Abu na biyu, kuma ka yi haƙuri da shi: a jerin abubuwan da ka lissafa ban ga zaman fada ba, ban kuma ga waya ba. Wataƙila kai ba ka zama, amma yawancin mazan garin nan, tsakanin lisha da sha ɗaya na dare, suna wajen shayi ko suna kan WhatsApp, kuma ba wanda ke kiran wannan lokaci da sunan lokacin da aka ci. Idan ka rage dare biyu na fada ka ba yara su, ka duba musu karatu, ka saurari uwarsu, to ka sayi yammacin harbinka da kuɗinka, ba ka ɗauke shi bashi daga iyali ba. Sannan ka tambaye ta ita ma wane lokaci take so ya zama nata, ko na islamiyya ne ko na zuwa gidansu, ka riƙe yaran a ranar. Malamai suna karanta mana nasihar da Salmanul Farisi ya yi wa Abu Darda'i, cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka ma suna da haƙƙi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata shi. Haƙƙin rai da ke cikin wannan magana bai tsaya ga maigida shi kaɗai ba. Idan babbar ƴarku ta yi wayo, ka riƙa tafiya da ita wani lokaci, domin yaron da ya ga abin da ubansa ke yi ba ya jin an gudu an bar shi.

Tsohon Soja, Yamai:

Ɗana, na karanta abin da Malam da Hajiya suka rubuta, na kuma yarda da mafi yawansa, amma akwai wuraren da ƙarancin lokaci ke jefa mutum cikin ganganci, su nake son in taɓa. Wanda ya ji cewa mita 18 ta isa, zai iya cewa bari ya kafa allo a tsakar gida ya huta da tafiya hanyar Kollo. Kada ka yi haka a cikin unguwa. Kibiyar da ta kuɓuce tana tsallake katanga, kuma bayan katangarka akwai matar wani tana wanki, akwai almajiri yana wucewa. A gida roba kawai, kibiya kuwa sai inda ka ga abin da ke bayan allo da idonka, ka kuma tabbata tudu ne ko bango, ba hanya ba. Batun tafiya da yarinya ma yana da sharaɗi: a ja layi a ƙasa wanda ba mai tsallake shi sai an ajiye bakuna duka, kuma a samu babba ɗaya wanda aikinsa a ranar duba yara ne kawai, ba harbi ba.

Game da bindigar iska, na san tana jan ran wanda ya saba da ita, kuma a wajen cin lokaci ta fi baka rangwame, tunda tazararta mita 10 ce, gasar kuma harbi 60 ne cikin awa ɗaya da kwata. Ƙwayarta milimita 4.5 ce, ɗigon maki goma a allon doguwar bindiga kuwa rabin milimita ne, shi ya sa masu yin ta suke kwashe lokaci mai yawa suna koyon tsayuwa, numfashi da matsa kunama ba tare da ƙwaya a ciki ba. Amma ka dubi halin tsaro da ƙasarmu ke ciki. Mallakar bindiga a Nijar sai da izinin hukuma, kuma jami'in da ya tare ka a shingen bakin gari da almuru, abin da zai fara gani siffar bindiga ce, ba zai tsaya auna ƙwaya ba. Kafin ka sayi ko da ta iska ce, ka je komisariya ka tambayi abin da ake buƙata, ka riƙe takardunka tare da kai. Ko bakan ma ka riƙa ɗaukarsa a kwance cikin jaka, ku kuma sanar da mai garin da lambun yake abin da ke tara ku. Kada wani a cikinku ya ga tsuntsu ya ce bari ya gwada, domin farauta tana da dokarta dabam tun 1998, da lasisinta dabam. Idan har ka koma ga ƙwayar dalma, ka kulle ta inda yara ba sa kaiwa, ka kuma wanke hannu kafin ka taɓa abinci.

Kana magana kamar wasan zai tsere maka, alhali harbi ba kamar kokowa ba ne da ƙarfin samartaka ke yanke wa mutum wa'adi. Yusuf Dikeç na Turkiyya yana da shekara 51 ya ci azurfa a ƙaramar bindigar iska a Paris a 2024, Abdullah Al-Rashidi na Kuwait ya ci tagulla a gasar Olamfik ta Tokyo yana da shekara 57, Oscar Swahn na Suwidin kuma ya ci azurfa a 1920 yana da shekara 72. Shekarun da yara ke ƙanana su ne masu ƙunci, kuma aikinka a cikinsu shi ne kada hannun ya mutu. Maki mai yawa zai iya jira har su girma.

Baban Nafisa, Yamai:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganar fada ta same ni, kuma daren jiya mun zauna da uwargida kamar yadda kika ce. Safiyar Asabar da muka saba ba za ta yiwu ba, tunda a nan da sassafe ake yin suna da ɗaurin aure, ba kuma zan so a ce an nemi fuskata a hidimar dangi an rasa saboda wasa ba. Mun tsaya a kan Juma'a bayan la'asar, tunda ana tashi aiki da wuri, ita kuma ta zaɓi yammacin Lahadi don zuwa gidansu. Baba Tsohon Soja, na ajiye maganar bindiga a gefe, zan kuma kai wa abokaina batun sanar da mai gari. Abin da ya rage mini shi ne, biyu daga cikin abokan ƴan kasuwa ne, ba sa rufe shago ranar Juma'a da yamma, ina kuma tsoron in zama ni kaɗai a lambun.

Ɗan Adar, Tawa:

Kada ka je kai kaɗai, ƙanena, ko don abin da Tsohon Soja ya faɗa, amma kuma ba ka buƙatar taro. Mutum ɗaya ya isa, wanda zai tsaya bayanka ya ga ko gwiwar hannunka tana faɗuwa, kai ma ka duba masa nasa. Ƴan kasuwar ku ware musu Lahadi ɗaya a wata da sassafe, a sanar tun farkon wata domin kowa ya shaida wa gidansa, idan kuma rasuwa ta faɗo a ranar a ɗaga zuwa mako na gaba ba tare da jayayya ba. Ka lura cewa daga Nuwamba zuwa Janairu rana tana saurin faɗuwa, ga iskar hunturu da ke kaɗa kibiya, don haka a waɗannan watanni ka rage tazara, ka kuma bar allon a ɗaure a lambun wajen mai gadi, domin kada rabin hasken ya ƙare a wajen kafawa da kwancewa.