Neman shawara: in sayar da rufin Mercedes SL shi kaɗai, ko in bar shi da motar?

Mai tambaya, Garwa:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani lamari da ya hana ni sukuni. Marigayi mahaifinmu ya bar mana Mercedes SL 320 ƙirar 1996, irin wadda ake buɗe samanta. Ya saye ta ne a hannun wani Bature lokacin da yake aiki a Duwala, ya taho da ita Garwa bayan ya yi ritaya. Mu tara ne a wurinsa, daga ɗakuna biyu, ni ne na uku, amma tun yana raye ni nake kai ta gareji, ni nake sayen batir, domin babban yayanmu yana Yawunde, mai bi masa kuma tana gidan aure a Marwa. Motar tana da rufi biyu: na tamfol da ke naɗewa ya shige bayan kujeru, da mai tauri wanda mutum biyu suke ɗagawa su cire gaba ɗaya. Wannan na biyun yana jingine a shagon kusa da zaure, a kan tsohuwar katifa. Yanzu wani mutum daga Injamena ya taya rufin kaɗai a kan sefa dubu 450, da sharaɗin in kai masa Kuseri, garin da ke bakin iyakar Kamaru da Chadi, ga shi kuma watan Satumba ya matso da kuɗin makarantar ƙannena. In sayar, ko kuwa raba su zai karya darajar motar?

Baban Ummi, makanike a Marwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, kada ka kuskura. Wannan samfurin, wanda ake kira R129, an ƙera shi daga 1989 zuwa 2001, kuma da rufinsa na alminiyam yake fitowa daga kamfani, ba ƙari ba ne da mai saye yake zaɓa. Duk wanda ya san mota, tambayarsa ta farko ita ce ina rufin, kuma abin da zai zabtare maka idan babu shi ya fi abin da na Injamena yake ba ka. Sannan ba ka gaya mana halin da tamfol ɗin yake ciki ba, alhali nan ne maganar take. Tagoginsa na baya na leda ne, kuma zafin Garwa na Maris da Afrilu, da yake haura digiri 40, yana busar da su har su tsage. Na'urar da ke buɗe shi kuma da matsin mai take aiki, tana da silinda fiye da goma, robobinsu kan tsufa su fara yoyo. Ranar da ta tsaya a tsakiyar damina, rufi mai tauri ne zai cece ka.

Maman Sadiƙ, Ngaundere:
Allah ya gafarta wa mahaifinku. Ƙanena, a duk dogon bayaninka ban ga inda ka ce an raba gado ba. Idan ba a raba ba, rufin nan hakkin magada ne gaba ɗaya har da iyayenku mata, kuma hidimar da ka yi wa motar ba ta mallaka maka ita ba. A gidanmu injin niƙa ɗaya wani yayanmu ya sayar da kyakkyawar niyya, har yau ɗakuna biyu ba sa ga maciji.

Alhaji na Kuseri:
Ni ra'ayina ya saɓa da na makanike. Wa zai sayi motar a yankinmu, balle a yi maganar darajarta? Mota ce mai ƙasa-ƙasa, ba ta hanyoyinmu ba. Idan ka sami mai kuɗi a hannu, ka karɓa. Sai dai kada ka yarda da sharaɗin kaiwa. Duk wanda ya bi hanyar Mora zuwa Dabanga ya san ramukanta. Na taɓa ba wani direba gilashin gaban motata daga Garwa, ya ɗora masa buhunan albasa, ya iso a farfashe, da na yi magana ya ce ƙaddara ce, ko sisi bai biya ni ba. Gilashin bayan rufinka idan ya fashe sai an nemo daga Turai. Mai saye ya zo Garwa da motarsa, a ɗora, a ga ya kulle, ya biya, maganar duwan (kwastan) a gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kuseri da Injamena, kuma ta zama tasa.

Mai tambaya:
Na gode muku. Yaya Maman Sadiƙ, ba a raba gadon ba tukuna, amma ba aljihuna kuɗin zai shiga ba, kuma kowa a gida ya san ni nake riƙe da yaran nan. Jiran babban yaya ya zo daga Yawunde jiran shekara ne. Game da tamfol kuwa, lafiyarsa lau, in ban da ɗan ɗinki da ya saki ta gefen direba, kuma ba na fita da motar idan hadari ya haɗu.

Baban Ummi:
Ɗinkin da ya saki shi ne farkon labarin. Alhaji, kasuwar irin wannan mota tana Duwala da Yawunde, ba sai a nan ba. Kai kuma ɗan'uwa, jinginar da ka yi wa rufin ita ce ta fi damuna. Nauyinsa ya haura kilo 30, idan ya daɗe a kan gefe ɗaya robar wajen takan lotse, daga baya iska da ƙurar hunturu su riƙa shiga ta nan. Idan kusurwarsa ta lanƙwashe kuma, alminiyam ba ya jure guduma da wutar walda kamar ƙarfen bodi. Ka sa kafinta ya yi maka mazauni mai shimfiɗar soso, a tsayar da rufin a kan gindinsa, a lulluɓe shi da zanen auduga. Robobin a shafa musu man silikon, kada a sa baƙin mai ko gas. Famfon na'urar buɗe tamfol yana cikin but, a ramin safaya taya. A duba mansa, kuma mai ne na musamman, kada wani yaro ya zuba maka na birki.

Malamin makaranta, Garwa:
Ni da zan ba da shawara, a mayar da rufin kan motar kawai, domin can ne bera da yara ba za su kai gare shi ba, kuma na'urar sanyaya mota ta fi kamawa da shi.

Baban Ummi:
Malam, ka yi haƙuri, wannan ma da gyara. Kafin a ɗora shi dole tamfol ya naɗe ya shige ma'ajiyarsa, kuma idan ya shekara a naɗe ledar tagogin takan karye a kan lanƙwasa, silindojin da ba sa motsi su bushe. Sai an riƙa cirewa lokaci-lokaci ana buɗe tamfol ɗin.

Mai tambaya:
Katifar mai kauri ce, kuma Baba da kansa ya jingine shi haka, ban ga abin da ya same shi ba. Mutumin ya sake kira ɗazu, ya ce motarsa ba za ta iya zuwa Garwa ba, amma zai ƙara dubu 30 na mota idan na amsa kafin Juma'a. Akwai wanda ya san direban da ke ɗaukar kaya masu gilashi zuwa Kuseri?

Maman Sadiƙ:
Ka kira yayanka tukuna.