Muhawara a zauren 'yan wasan kwamfuta na EVE Online a Kano: a hana harbin masu haƙar duwatsu, ko a tsawwala wa maharan?

Abdulhadi: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ra'ayina shi ne kamfanin CCP, wanda ya ƙirƙiri wasan, ya toshe hanyar harbin jiragen haƙar ma'adinai gaba ɗaya a yankunan tsaro na EVE Online, wasan jiragen sararin samaniya da ake yi ta intanet, wato daga yanki mai makin tsaro 0.5 zuwa mai 1.0, yadda ko mutum ya danna makami a kan mai haƙa ba zai tashi ba. Mai haƙa yana zaune a filin duwatsun sararin samaniya da jirgin da ba a ƙera shi don faɗa ba, sai ƙananan jiragen Catalyst biyar ko shida su sauko masa, su tarwatsa shi kafin 'yan sandan wasan, CONCORD, su iso. A yanki mai 0.5 isowarsu kan ɗauki kusan daƙiƙa 20, kuma idan sun iso hukunci kawai suke yi, ba sa ceton kowa. Maharan sun yi asarar jiragen miliyoyin ISK (kuɗin cikin wasan) kaɗan, mai jirgin haƙa na Hulk kuwa ya yi asarar ɗaruruwan miliyoyi. Ban ga adalci a wannan lissafin ba.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Ƙanena Abdulhadi, na fahimci zafin abin, amma maganin da ka kawo zai fi cutar illa. Kusan duk jirgin da ke yawo a New Eden, duniyar wasan, 'yan wasa ne suka ƙera shi, daga ma'adinan da 'yan wasa suka haƙo. Dutsen Veldspar da kake haƙa shi ake tacewa a samu ma'adinin Tritanium, a kai Jita, babbar kasuwar wasan, a sayar wa maƙera. Abin da ke ba ma'adinin daraja shi ne jirage suna halaka ana neman sababbi, kuma haƙar kanta tana da haɗari. Ranar da aka ce babu mai iya taɓa jirgin haƙa, masu asusu goma-goma da masu sa manhaja ta riƙa haƙa musu dare da rana za su cika kowane fili, farashi ya faɗi warwas, kuma ƙaramin mai haƙa irinka shi zai fara jin jiki.

Zainab: Yaya Bashir, ni maƙera ce a wasan, kuma da ma'adinan waɗannan bayin Allah nake aiki, don haka ba na musun cewa halakar jirage ce ke juya kasuwa. Sai dai halakar da ke cinye ma'adinai da gaske tana can a yaƙe-yaƙen yankunan da babu doka. A yaƙin B-R5RB na watan Janairun 2014 kaɗai an tarwatsa manyan jiragen Titan 75, kuma ma'adinin da ke cikin Titan guda ya ninka na jirgin haƙa sau da yawa ƙwarai. Kasuwa ba ta dogara da jirgin haƙa na Retriever na sabon shiga ba. Batun masu manhajar haƙa kuwa aikin kamfani ne ya kama su ya kore su, tunda dokar wasan ta riga ta haramta hakan. Bai kamata a fake da su a riƙa harbin mutumin da ke zaune da ransa a gaban kwamfuta ba.

Malam Sani: Bari in sa baki da ɗan tarihi, domin wannan gardama ta girmi shigar yawancinmu wasan, wanda aka buɗe tun 2003. A 2009 aka fara gasar Hulkageddon, inda 'yan wasa da kansu suka sa kyaututtuka ga wanda ya fi kowa halaka jiragen haƙa. A 2011 ƙawancen Goonswarm ya shiga farautar masu haƙar ƙanƙara a yankin Gallente don farashin man da ake samu daga ita ya tashi. A 2012 kuma wani ɗan wasa mai laƙabin James 315 ya kafa tsarin da ya haifi ƙungiyar CODE., wadda ta riƙa cewa kowane mai haƙa ya sayi takardar izini ta ISK miliyan 10 a shekara ko a harbe shi.

Abin lura shi ne yadda kamfanin ya riƙa amsawa. A ƙarshen 2011 ya daina biyan inshora ga jirgin da CONCORD ta halaka, domin kafin nan maharin yana karɓar diyyar jirgin da ya yi laifin da shi. A 2012 ya sake fasalin jiragen haƙa shida, ya mai da Procurer da Skiff masu kaurin jiki, Retriever da Mackinaw masu babban rumbu, Covetor da Hulk masu saurin haƙa amma marasa juriya. A 2022 ya hana masu asusun kyauta, wato Alpha, cire makullin da ke ba su damar aikata laifi a yankin tsaro. Kowane mataki ƙara wa maharin tsada yake yi, ko ƙara wa mai haƙa zaɓi, kuma har yau ba a taɓa rufe ƙofar ba sai a wuraren da sababbin shiga ke farawa, inda cin zalinsu laifi ne da ake hukuntawa. Ina ganin wannan hanyar ita ce daidai, illa dai ba a kai ƙarshenta ba.

Nura: Malam, ina neman afuwa in kawo abin da ya shafe mu nan Kano musamman. Shawarar da ake bayarwa kullum ita ce ka sa ido a jerin sunayen waɗanda ke yankinka, ka juya hancin jirgi wajen tasha, da ka ga baƙin sunaye sun shigo ka tashi. Wannan shawara ce ta mai tsayayyiyar wuta da intanet. Ni a Gwale nake wasa, da wayata nake ba kwamfuta intanet. Ran nan ina haƙa bayan sha biyun rana, lokacin da aka sake buɗe wasan filaye suka cika da duwatsu, sai wuta ta ɗauke, sabis ya tsaya cak. Jirgi ba ya ɓacewa nan take idan ka yanke. Da na samu na koma, a tasha na tsinci kaina ba jirgi, ga wasiƙa daga wanda ya harbe ni yana cewa laifina ne da ban kula ba, kuma in biya kuɗin izini. Datar da na saya da kuɗin makaranta na haɗa kuɗin jirgin nan da ita.

Injiniya Bashir: Allah ya mayar da alheri, Nura. Amma a taron masoya wasan, wato Fanfest, na 2015 a Aislan, wani ma'aikacin kamfanin ya gabatar da binciken da suka yi kan sababbin shiga a kwanakinsu 15 na farko. Kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai aka harba ba bisa doka ba, kuma su ne suka fi yawan ci gaba da wasan, waɗanda ba su taɓa rasa jirgi ba kuwa su suka fi saurin barinsa. Wanda aka harba yakan nemi ƙungiya, ya yi tambaya, ya koyi haɗa garkuwa.

Zainab: Binciken nan na kwana 15 ne, Yaya. A lokacin mutum yana cikin ƙaramin jirgin haƙa na Venture da aka ba shi kyauta, rasa shi ba ya karya kowa. Wanda muke magana a kansa shi ne mai wata uku ko huɗu, wanda ya tara duk abin da ya mallaka ya sayi jirgin haƙa na farko. Binciken bai taɓo shi ba. Ni inda nake ganin gyara shi ne hukuncin ya riƙa zama a jikin mai laifi. Yanzu minti 15 kawai yake jira tambarin laifi ya sauka. Darajarsa ta tsaro idan ta faɗi, tun 2013 akwai alamomin da ake saya a kasuwa a miƙa wa CONCORD a ɗaga ta. Izinin ramuwa na kwana 30 da ake ba wanda aka harba ba ya tsinana komai a kan asusun da aka buɗe don harbi kaɗai, wanda ba ya fitowa sai da jirgi mai arha. Ga shi kusan rabin kayan jirgin da aka harba suna faɗowa, abokin maharin ya zo da wani jirgi ya kwashe. A tsawaita jiran ga mai maimaita laifi, a taƙaita sayen daraja da kuɗi, a tsananta wa mai kwashe ganimar. Mai ramuwar gayya da mai farautar babban kaya za su ci gaba, amma mai harbin duk wanda ya gani zai fara lissafi.

Abdulhadi: Yaya Zainab, wanda ke harbi don ya ji mutum yana kuka ba ya lissafin riba. Da yawansu ƙungiyarsu ce ke mayar musu da jiragen. Ina nan a kan bakana, ko da a yankuna masu 0.8 zuwa sama ne kawai, a bar wa mai ƙaramin ƙarfi wuri guda da zai haƙa hankali kwance.

Malam Sani: A waɗannan yankunan CONCORD kan iso cikin daƙiƙu kaɗan, kuma Procurer mai cikakkiyar garkuwa yana buƙatar maharan da suka fi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa sukan wuce shi su nemi Covetor da aka cika da na'urorin ƙara haƙa aka bar shi ba kariya. Kamar 'yan Kwari ne, layin da 'yan kasuwa suka haɗu suka ɗauki mai gadi ɓarawo yakan tsallake shi. Wannan yana hannunmu tun kafin kamfani ya canja komai. Mu sa wa ƙungiyoyin da aka sani jan tambari yadda sunansu zai fito fili da sun shigo, mu nisanci hanyoyin da ke kusa da Jita, mu riƙa haƙa tare. Ina da Orca, babban jirgin tallafa wa masu haƙa, zan fito da shi ranar Asabar bayan sallar isha'i. Nura, kai da duk wanda intanet ɗinsa ke yankewa ku shiga rundunar, domin shugaban runduna zai iya ɗauke jiragen gaba ɗaya da ya ga haɗari.

Nura: Na gode, Malam. Sai dai ƙwarewata ba ta kai ta haɗa garkuwar Procurer yadda ya kamata ba tukuna.

Zainab: Turo mini jerin ƙwarewarka yau da dare, zan duba abin da za ka iya ɗorawa. Jirgin kuwa akwai guda a rumbuna, ka biya a hankali da ma'adinin da za ka haƙo.