Gidan da aka yi daga tsohon sito a bakin ruwa: in saya?

Baban Nana:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata tara ina aikin jinya a Libaful, kuma mun gaji da haya. Ranar Asabar muka je duba gida a Tobacco Warehouse da ke Stanley Dock (tsohuwar tashar jiragen ruwa a nan Libaful), tsohon sito na ajiye taba da aka gina a 1901 da tubali kusan miliyan 27. Da yake benayen asali gajeru ne, sai aka fasa wasu, falo ya yi tsayin hawa biyu. Na dafa jan tubalin bangon, sanyi ƙalau, ga ruwa kwance a ƙarƙashin taga. Wallahi gidan ya shiga raina. Maman yara dai ta yi shiru. Me kuka gani?

Hajiya Mai Lalle:
Ɗana, shirunta magana ce. Yara biyu, ba tsakar gida, ga ruwa mai zurfi a ƙofa. A ina za su yi wasa? Ka fara jin ta bakinta.

Ɗan Katsina:
Malam, ka bincika kuɗin kula da gini na shekara kafin komai. Na zauna a irin wannan a wani gari, duk gyaran rufi da lif a kanmu aka raba, har na sayar. Ka duba shekaru nawa suka rage a takardar mallakar, don irin waɗannan gidaje galibi mallakarsu ta wa'adin shekaru ce. Ɗumama dogon falo da hunturu ma ba wasa ba ne.

Baban Nana:
Na gode Hajiya, yau da daddare zan zauna da ita. Ɗan Katsina, gobe zan nemi takardun.