Buntun shinkafa da totuwar masara: wa ya taɓa mayar da su gawayin tace ruwa?

Bello mai injin casa, Argungu:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da noman shinkafa ya bunƙasa a jihar nan, musamman bayan shirin bai wa manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, buntu ya zame mana kaya. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne. Masu kiwon kaji kan ɗebi kaɗan don shimfiɗa, saura sai a cinna masa wuta, ya yi ta cin ciki kwana da kwanaki, hayaƙi na shiga gidajen maƙwabta. An ce mani ana iya mayar da shi gawayin nan na musamman da ake tace ruwa da shi, har a sayar. Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa mana abin da ya gani.

Maman Zainab, Jega:
Wa alaikumus salam Malam Bello. Mu masu turara shinkafa mun daɗe da buntu. Ni nakan tara shi tsibi kewaye da wani bututun ƙarfe mai huji-huji, in kunna wuta a cikin bututun. Baƙin yana fitowa daga ciki zuwa waje, ni kuma ina ɗebo ɗanyen na ƙasa ina rufe inda ya yi baƙi. Da ya game ko'ina sai in baza shi in yayyafa ruwa, don in aka bar shi ya zama farar toka. Ina kwaɓa shi da kokon rogo in dunƙula, ya bushe, in yi girki da shi. Na gwada shi a ruwan rijiyarmu mai warin laka: tsakuwa a ƙasan bokiti, yashi, sannan gawayin. Da farko ruwan baƙi ƙirin ya fito, sai da aka wanke gawayin sosai ya washe. Warin ya ragu, amma ba a jima ba ya dawo.

Nafi'u, Aliero:
Mama, abin da kika gani daidai ne, kuma ga dalilinsa. Na yi wannan aikin a ɗakin gwaje-gwaje lokacin da nake karatun kimiyyar sinadarai. Abin da kika haɗa gawayi ne mai kyau, amma matakin farko ke nan. Gawayin tacewa sai an sake bi ta kansa an buɗe ƙananan ƙofofin da ke jikinsa, ya koma kamar soso, ta yadda giram ɗaya zai iya samun faɗin fili na ciki daga murabba'in mita 500 zuwa 1,500. A jikin waɗannan ƙofofi ne wari da kala da kulorin da ragowar maganin feshi suke maƙalewa. Gawayin da ba a buɗe ba ƙofofinsa kaɗan ne, nan da nan yake cika.

Hanya biyu ce. Ko a busa masa tururin ruwa a zafin da ya kai maki 800 zuwa 1,000 a ma'aunin Celsius, ko a jiƙa kayan da sinadari kafin a gasa. Da asid ɗin fosforik zafin 400 zuwa 500 ya isa. Har ruwan tokar da iyayenmu ke tacewa don sabulu yana da sinadarin da ke yin aikin, sai dai shi yana son zafin 700 zuwa 800.

Malam Bello, abin da ba za ka so ji ba shi ne buntu ba shi ne ya fi dacewa ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, tokar kuma kusan duk silika ce, wato dangin yashi. Shi ya sa yake cinye haƙoran inji, dabbobi ma ba sa son sa. Ni da na gasa shi, sai da na dafa gawayin cikin soda irin ta masu sabulu don silikar ta narke, na yi ta wanki da ruwa har takardar awon tsami ta nuna sodar ta fita. Abin da ya rage a hannuna ɗan kaɗan ne, gari mai tashi da an yi numfashi kusa da shi. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, tokarsu ba ta da yawa.

Bello mai injin casa:
Ƙanena, to ta yaya mutum zai san ya buɗe ko bai buɗe ba, alhali duk baƙi ne a ido?

Nafi'u:
Akwai wani shuɗin sinadari, metilin bulu, masu sayar da kayan ɗakin gwaji da na kiwon kifi suna da shi. Ka ɗiga shi a kwalba biyu na ruwa daidai wa daida, ka zuba cokali ɗaya na naka a ɗaya, cokali ɗaya na na kanti a ɗayar, ka girgiza ka ajiye. Na totuwar da na jiƙa da asid ya shanye shuɗin har ruwan ya koma garau. Na buntun da aka ƙona kawai, ruwan ya ɗan dusashe ne kurum.

Usman mai walda, Yauri:
Ni na ƙera wa wani tanda da durom biyu, ƙarami cike da totuwa a kife cikin babba, itace a tsakaninsu, muka yaɓe bayan da laka. Farin hayaƙi ne ke fara fita, danshi ke nan. Daga baya iskar da ke fita daga totuwar da kanta take kamawa da wuta, ka ji tana huci. In ta mutu, an gama. Buhu guda ya ba mu wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, gawayi mai ƙara in an buga shi da juna. Da muka cika durom ɗin da buntu, gefe ya ƙone, tsakiya ta fito ɗanya jawur, saboda yana cushewa zafi ba ya ratsa shi. Hanyar Maman Zainab ta fi masa.

Batun tururi kuwa, mun saka bututu mun gwada. Kafin zafin ya kai inda Nafi'u ke faɗa, durom ya yi ja ya lanƙwashe, gindinsa ya ɓule. Wannan aikin sai bulo mai jure wuta da ƙarfe mai kauri. Kuma ina roƙon kowa, kada a yi shi cikin ɗaki ko zaure. Akwai iskar da ke fita wadda ba ta da wari, tana kashewa. Yaron shagona ya tsaya ta inda iska ke kaɗawa, jiri ya ɗebe shi, sai da muka janye shi waje ya dawo hayyacinsa. Kada kuma a buɗe durom da zafinsa, iska na shiga zai kama ya zama toka.

Alhaji Garba mai fiya wata, Birnin Kebbi:
Bari in yi magana a matsayin mai saye. Mu a buhu muke sayen namu, daga waje ake shigo da shi, yawanci na ƙoƙon kwakwa ne, ƙwayoyi masu tauri. Duk lokacin da dala ta tashi muna ji a jikinmu, don haka da za a samu na gida wallahi ni ne na farko a layi. Wani matashi ya kawo mani nasa na ɓawon gyaɗa. Ya ja wari, ban musa ba. Amma da famfo ya matsa masa ruwa sai ya marmashe, baƙin gari ya wuce ya toshe matatar da ke gaba, muka tsayar da aiki muka sauya ta. Abu biyu nake tambaya: tauri, da lambar awon aidin, wato awon da ke nuna yawan ƙofofin da ke jikinsa. Na kirki yakan kai 900 ko fiye. Kuma ruwana NAFDAC ce ke duba shi, ba zan sa abin da ba a auna ba, balle wanda aka jiƙa da asid ban san yadda aka wanke shi ba.

Malam Sanusi, Anka:
Ni daga Zamfara nake, kuma akwai abin da ya sa na shigo. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukanmu na Anka da Bukkuyum, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Na ga iyayen da suka binne 'ya'ya biyu, uku. Abin da ya taimaka shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa da maganin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka bayar. Yanzu ina jin wasu na cewa gawayi na cire kowace guba daga ruwa. Don girman Allah kada a faɗa wa mutanen ƙauye haka. Uwa za ta yarda, ta ba jaririnta.

Nafi'u:
Baba, gaskiyarka. Gawayin gida ba abin dogaro ba ne a kan dalma. Ko na kanti ba ya cire gishiri, ba ya kashe ƙwayar kwalara ko taifot, in ya daɗe a jiƙe ma ƙwayoyin cuta na iya zama a cikinsa. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa kulorin, ko da an tace.

Ɗanjuma manomi, Suru:
Malam Bello, ni ban kai ga tace ruwa ba, gona na kai nawa. Baƙin buntun nake zubawa a turken shanu ya sha fitsari da kashi, sannan in kwashe in kai wurin renon irin shinkafa da kuma jigawar da nake albasa. Ƙasar ta yi laushi, tana riƙe danshi, cirar iri ba ta tsinka saiwa. Inda na zuba shi tsurarsa ba taki, ganyen ya ɗan yi ɗorawa da farko, don haka a haɗa shi da taki. In kana ƙonawa ka ajiye mani, zan aiko da a-kori-kura ta ɗauka.

Alhaji Garba:
Nafi'u ɗana, in kai da Usman za ku haɗa kai ku yi na totuwa, ni zan biya kuɗin awo a ɗakin gwaji. Ku fara da kilo biyar, a tankaɗe garin a bar mani masu girman ƙwayar gero zuwa dawa. Zan fara sa shi a tankin ruwan wanke-wanke, ba na sha ba, mu ga ko zai jure famfo. Masara na shigowa kasuwa bayan kaka, ku yi magana da masu injin ɓarza tun yanzu kafin mata su kwashe totuwar su kai murhu.