Fassarar Sifaniyancin yau da kullum zuwa Turanci: a ina ake yawan kwafsawa?

Ɗaliba_Zariya:

Assalamu alaikum. Malamai, ina neman shawara. An ba ni aikin mayar da gajerun hirarraki da saƙonnin murya daga Sifaniyanci zuwa Turanci. Masu maganar wasu 'yan Meksiko ne, wasu 'yan Sifaniya, akwai kuma 'yar Kolombiya guda. Nahawu ba ya ba ni wahala, maganar gida da ta titi ce ke ɗaure mini kai. Wani ya ce "me estás tomando el pelo", kalma-kalma "kana ɗaukar gashina" ke nan, ban ga inda ta dosa ba. Wata ta ce "estoy constipada", wani kuma kullum "ahorita". Ta ina zan kamo bakin zaren?

Malam_Tafinta:

Wa alaikumus salam. Kafin ki taɓa jimla ko ɗaya, ki rubuta ƙasar kowane mai magana a saman takardarsa. Rabin kuskuren da ake yi daga nan yake. "Tortilla" a Madrid wainar ƙwai ce da dankalin Turawa, a Meksiko kuwa fallen gurasar masara. "Guagua" motar bas ce a Kuba da tsibiran Kanari, amma a Chile da Peru jariri ake nufi. "Coger" a Sifaniya ɗauka ne kawai, ko shiga mota, amma a Meksiko da Ajantina batsa ce tsirara, shi ya sa su "tomar" ko "agarrar" suke cewa. In kalma ta shige miki duhu, ki fara da ƙamus na RAE, wato hukumar kula da harshen Sifaniyanci ta ƙasar Sifaniya, sannan Diccionario de americanismos na 2010, wanda ke nuna ƙasar da ake amfani da kowace ma'ana. Sai kin tabbatar da ma'anar a cikin Sifaniyancin kansa ki nemi ta Turanci.

Misalanki uku. "Tomar el pelo" zolaya ce, Bature zai ce "you're pulling my leg" ko "you're kidding me". "Constipada" a bakin 'yar Sifaniya mura ce, "I have a cold", babu ruwanta da bayan gida. Taurin ciki "estreñida" ne. "Ahorita" kuwa ita ce "ina zuwa" ta Bahaushe. Ɗan Meksiko zai faɗe ta yana nufin yanzun nan, ko an jima, ko kuma ba zai yi ba sam yana dai kare mutunci. Ki saurari muryar da abin da ya biyo baya: in ya miƙe ya yi, "right away", in ya ja wasalin yana ci gaba da harkarsa, "in a bit" ko "later".

Mai_Ƙamus:

Bari in ɗora a kan ta Malam. Salon magana irin na gashi ba shi ne abin tsoro ba, don da kin gan shi kin san akwai magana a ƙasa, za ki tsaya ki bincika. Masu kayar da mutum su ne kalmomin da suka yi kama da na Turanci har ba ki ga dalilin dubawa ba. "Embarazada" mai juna biyu ce, ba mai jin kunya ba. "Actualmente" shi ne "currently". "Asistir a clase" halartar aji ne, "attend". "Éxito" nasara, "librería" shagon littattafai, "carpeta" jakar ajiye takardu, "sensible" mai saurin jin abu a rai, wato "sensitive". "Discutir" yawanci gardama ce, "argue". Ki kula sosai da "molestar": damun mutum ne kawai, "bother", in kika rubuta "molest" kin ɗora wa bawan Allah laifin da zai kai shi kurkuku.

Wannan ba wasa ba ne. A 1980 a jihar Florida ta Amurka an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume, danginsa suka ce "intoxicado", suna nufin ya ci ko ya sha abin da ya ɓata masa ciki. Aka ɗauka "intoxicated" ne, wato buguwa ko ƙwaya, aka yi masa maganin da ba nasa ba alhali jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Ya ƙare da shanyewar hannuwa da ƙafafu, aka yi sulhu a kan diyyar dala miliyan 71.

Sai lambobi. "Un billón" tiriliyan ɗaya ne, miliyan sau miliyan. Biliyan ɗin Turanci "mil millones" ne. A Sifaniya da Kolombiya 1.500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, 2,5 kuma biyu da rabi, sai ki juya ɗigo da waƙafi a Turanci. 'Yan Meksiko su irin na Amurka suke rubutawa. "Quince días" mako biyu ne, ki rubuta "two weeks". "De hoy en ocho" da za ki ji a bakin ɗan Meksiko ko 'yar Kolombiyar nan ita ce "rana ita yau" tamu, kwana bakwai, don sun haɗa da yau a lissafi.

Ɗan_Zango:

Ni ban cika yarda a ce kowane salon magana sai an nemo masa takwara a Turanci ba. Wasu suna zama daram: "costar un ojo de la cara" da "cost an arm and a leg", duka ɗan karen tsada ne, "pan comido" da "a piece of cake", abu mai sauƙi kamar shan ruwa, "meter la pata" da "put your foot in it", kwafsawa. Amma "llueve a cántaros", ruwa kamar da bakin ƙwarya (su da tulu suke kwatantawa), in kika sa "raining cats and dogs" kin mayar da matashi tsohon malamin makaranta, don Turawa ba su cika faɗin ta a hira ba. "It's pouring" ya wadatar. Ma'auni shi ne: mai irin shekarunsa, a irin wannan hali, haka zai faɗa?

Akwai kuma ginin jimla da ke ɓoye mai laifi. "Se me cayó el vaso" daidai yake da "kofin ya suɓuce mini", ba da gangan ba. Turanci zai ce "I dropped the glass", wanda bai nuna ganganci ko kuskure ba. A hirar gida a bar shi haka. In bayanin shaida ne ko rahoton haɗari, dole ki rubuta "it slipped out of my hand" ko ki ƙara "accidentally". Haka "me cae bien": mutumin ya kwanta mini a rai, "I like him". Amma "me gusta" a kan mutum yakan ɗauki ma'anar soyayya, kada ki haɗa su.

Ɗaliba_Zariya:

Allah ya ƙara basira, na gode ƙwarai. Saura biyu. Yaya zan nuna bambancin "tú" da "usted" tunda Turanci "you" kaɗai gare shi? Sannan "ojalá" fa?

Malam_Tafinta:

"Usted" kamar "ku" ɗin girmamawa ne da muke yi wa manya. Ki zuba girman a sauran jimlar: "could you", "please", "sir", "ma'am", ko "Mr" da sunan dangi. A nan ki lura, masu Sifaniyanci suna biyu gare su a ƙarshe, na farko na uba, na biyu na uwa. Gabriel García Márquez "Mr García Márquez" ne ko "Mr García", ba "Mr Márquez" ba. "Don" da "doña" laƙabin girmamawa ne na namiji da na mace, da sunan yanka suke tafiya, ki bar su yadda suke. 'Yar Kolombiyar nan kuma kada ta ruɗe ki: a Bogotá da kewayenta ana yi wa aboki da ɗa da miji "usted", in kika jera "sir" a nan kin sanya sanyi a inda babu.

"Ojalá" daga Larabcin Andalus (Sifaniya ta zamanin mulkin Musulmi) ta samo asali, dangin "in sha Allahu" ce, amma yau mai faɗin ta ba lalle yana ambaton Allah ba ne, don haka "God willing" ta yi nauyi. Ki dubi aikatau da ke bayanta. "Ojalá venga" fata ne mai yiwuwa, "I hope he comes". "Ojalá viniera" fata ne da wuya ya cika, "I wish he would come". "Ojalá hubiera venido" nadama ce, aikin gama ya gama: "if only he had come". In ita kaɗai aka faɗa a matsayin amsa, "I hope so" ko "let's hope so".