Neman shawara: Akwai maganin da ke sa ƙwaƙwalwa ta tsiro da sababbin ƙwayoyi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ba ya motsi, magana ma da ƙyar. An kawo mana wani magani mai tsada, wai yana sa ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ƙwayoyin da suka mutu. Yayana ya ce mu saya, ni kuwa a makaranta an koya mana cewa ƙwayar ƙwaƙwalwa in ta mutu shi ke nan. Wanne za mu kama?

Wani malamin kimiyya: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar uwa, abin da aka koya miki bai yi nisa da gaskiya ba. Ƙwayar jijiya da ta girma takan daina rabuwa biyu kwata-kwata, saɓanin ta fata ko ta hanji. Sai dai akwai 'yan ƙwayoyin asali, masu iya haifar da sababbi, da ke kwance shiru a wani lungu na ƙwaƙwalwa, hifokamfus, mai kula da ajiye abu a tunani. Wani mai bincike, Joseph Altman, ya ga sababbin ƙwayoyi a can cikin ɓeraye tun shekarun 1960, aka yi watsi da shi. A 1998 masu bincike Peter Eriksson da Fred Gage suka gan su a ƙwaƙwalwar mutane. A 2013 masu bincike a Suwidin suka ƙiyasta sababbin ƙwayoyi kusan 700 a rana, amma a 2018 wasu a Kalifoniya suka duba suka ce kusan babu a manya. Har yau ana jayayya. Ko da suna nan, ba a sashen da ke motsa hannu suke ba. Abin da masana ba su gama gani da madubin bincike ba, mai talla ne zai zuba shi a kwalba?

Wata ma'aikaciyar jinya: Ƙanwata, ku riƙe kuɗinku. Sauƙin da ake samu, ƙwayoyin da suka tsira ne ke ƙulla sababbin hanyoyi su karɓi aikin, kuma maimaita motsi ke jawo hakan. An fi samun ci gaba a watanni 3 zuwa 6 na farko, don haka kada ku ɓata su. Ku kai shi wajen masu gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti.

Wani dattijo: Gaskiya ta faɗa. Na ga irin wannan a gidanmu. Ku dage da maganin hawan jini da na suga in yana da su, don kar abin ya dawo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To maganarsa fa?

Ma'aikaciyar jinya: Akwai masu horar da magana, ku tambayi likitansa. A gida ku riƙa yi masa hira a hankali, kada ku ƙarasa masa kalma. In yana ƙwarewa wajen cin abinci ko shan ruwa, ku sanar da likita nan take.