Gwajin DPPH da ganyen zogale: wa ya taɓa yi a zafin Maradi?

Ɗalibar masta: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina aikin memuwar (kundin kammala karatu) a kan flavonoyid na ganyen zogale, wato wasu sinadaran tsirrai masu aikin antioksidan. Na jiƙa garin ganyen a metanol kashi 80, na tace, ruwan ya fito kore shar. Da na haɗa shi da DPPH, sinadarin nan mai launin shuni da ake gwada ƙarfin antioksidan da shi, lambar da na'urar auna launi ke bayarwa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya taɓa yi don Allah ya taimaka.

Tsohon ma'aikacin labo: Wa alaikumus salam ƴata. Koren nan kulorofil ne, ba shi kike nema ba. Ki fitar da metanol ɗin a rotavapo, na'urar da ke turarar da shi, kada zafi ya wuce digiri 40, abin da ya rage ki ƙara masa ruwa ki wanke da hekzan. Shi zai kwashe koren da maiƙo. Daga nan ki ciro flavonoyid ɗin da asetat na etil, sannan butanol. Kersetin da kamferol, wato flavonoyid na zogale, yawancinsu suna ɗaure da sukari, saboda haka kada ki raina kason butanol. Na sha ganin yara suna zubar da shi.

Wani ɗalibi daga Tibiri: Yaya, ni zafi ne ya wahalar da ni. A watan Afrilu in ka bar bututu a buɗe, metanol na tashi tun ba ka gama jera sauran ba, lissafi ya rikice. Ki rufe kowanne. DPPH ɗin ki haɗa shi ranar da za ki yi aiki, wajen miligiram 4 a mililita 100, ki naɗe kwalbar da takardar alminiyom. Minti 30 cikin duhu, ki karanta a na'ura a nanomita 517. In ganyen na da ƙarfi, za ki ga shunin ya koɗe ya koma rawaya-rawaya.

Mai doktora: Ni da sabara na yi, wadda iyayenmu ke dafa wa masu jego. Ta kashe launin DPPH nan take, har na fara murna. Malamina ya ce in dakata, ganyen cike yake da tanin, DPPH kuwa ba ya tantance tanin da flavonoyid. Sai da na auna flavonoyid ɗin da kulorur na alminiyom a nanomita 415 kafin ya yarda in rubuta komai. Kuma ƙanwata, ganyen da aka shanya a rana ki bar wa masu kwaɗo, naki ki shanya a inuwa.

Ɗalibar masta: Allah ya saka da alheri. Baba, wankin hekzan ɗin sau nawa?

Tsohon ma'aikacin labo: Har sai ya daina fitowa kore.